Tabarmar Baba Mai Awo

Shekarar da Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, autansa ya dawo daga karatu a Najeriya ya karɓi magaza, wato babban siton hatsin mahaifinsa, ya kuma zo mana da tsarabar sunaye. Mu nan Maradi ba mu san komai ba sai maigida da yaransa; in mutum na son nuna ya taka lakwal, wato boko, sai ya ce patoro ko shef. Aka wayi gari akwai Darakta, shi autan ke nan, akwai Ciyaman, wansa da ke zaune ƙasar waje, aka kuma ɗauko wani Bakatsine mai sanyin hali aka ce shi ne Manaja. Ni da nake tsaye kan lodin hatsi da wake tun ina da gashi a ka, aka ce na zama Sufabaiza. Sai da harshena ya yi kanta kafin na iya faɗinsa. Na je gida na shaida wa maiɗakina, ta ce, "To, mi aka ƙara maka?" Na ce tsawon suna. Ta ce in ana miya da shi in kawo.

Ban ƙi sunayen ba. Suna da daɗi a baki, har kyanwar magaza na naɗa ta Manajar ɓeraye.

Akwai wani dattijo a wurinmu, Baba mai awo. Wata shekarar yunwa aka tsince shi a tasha yana ƙarami, bai san sunan garinsu ba, mahaifin Alhaji ya ɗauke shi. Ya girma da tiya a hannu. Alhaji ya yi masa aure, ya samar masa ƴar gona a Tsibiri, daga can yake zuwa aiki kullum. Matar ta riga shi, Allah bai ba su haihuwa ba. Shi aka ce masa Helma, wai shugaban masu dako. In an kira shi da sunan sai ya waiga baya, ya ga ko da wani ake.

Wata safiya cikin damina maƙwabcinsa ya kira ni, ya ce Baba ya cika. Muka tafi Tsibiri mu kaɗan, aka yi masa sutura, aka kai shi kafin azahar. Muna dawowa daga maƙabarta limamin unguwar ya ja ni gefe.

"Mun yi namu na maƙwabta," ya ce. "Amma zaman makoki ƙofar dangi ake yin shi. Shi ko ba mu san mashi dangi ba sai gidan Alhaji. Ina za mu ce ma mutane su tahi gaisuwa?"

Da Alhaji na raye ba mai yin wannan tambaya. Yaron gida in ya rasu, a ƙofar maigida ake shimfiɗa tabarma, maigida ya zauna a yi masa gaisuwa kamar ɗansa ne. Na ce da liman ya ba ni zuwa la'asar.

Na fara da Manaja, don haka aka koya mana, ba a tsallake matakala. Ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Oga Sufabaiza, in kamyon ɗaukar kaya kake so ko buhu, yanzu in sa hannu. Amma ƙofar gidan mutane ba ta cikin aikina."

Na shiga biron Darakta, wato ofishinsa. Yaron da na sha goyawa a wuya in kai shi kallon lodi, yanzu sai na ƙwanƙwasa.

"Na ji, Kawu," ya ce. "Allah ya gafarta mashi. Za a aika da shinkafa da goro, kamfani zai yi komai."

"A aika wa wa? Ba shinkafa ya rasa ba, ƙofa ya rasa."

"Sai na yi magana da Ciyaman."

"Ciyaman na inda rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya da tamu. Kafin ya ɗauki waya mun yi sadakar arba'in."

Bai yi dariya ba, ni ma ban so ya yi ba. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Kawu, in na buɗe ƙofar gidanmu na unguwar Zariya yau, ba ta sake rufuwa. Suna, ciwo, aure, rasuwa, duk kaina. Na ga yadda Alhaji ya ƙare, bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. Ni ba shi ba ne. Ban iya ba."

A nan na gane amfanin sunayen. Darakta yana tashi daga aiki ya tafi gida. Maigida ba ya tashi. Yaron ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma da zan faɗi gaskiya abin tsoro ne.

"Auta," na ce, "ba wanda aka haifa da iyawa." Na fito.

Na kira liman na ce a turo mutane bakin magaza. Muka share gaban ƙofa, muka aro tabarmi daga masallaci. Manaja ya cire takalmi ya zauna kusa da ni. Masu dako suka zo, ƴan Tsibiri suka zo, can sai ga manoman Jiratawa, waɗanda Baba ya shekara da shekaru yana auna wa kaya, ƙafafunsu duk laka. Tsohon cikinsu ya yi sallama, ya duba mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ake yi ma gaisuwa?"

Na dubi Manaja, Manaja ya dubi ƙasa.

Daidai nan auta ya fito daga biro, makullin mota a hannu, ina jin gida za shi. Hanyar motar ta bakin tabarma take. Tsohon nan bai tambayi kowa ba, kamannin Alhaji ya gani. Ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Baba, shi ba ka haƙurin rashi."

Yaron ya tsaya. Na bayan tsohon ma ya miƙo hannu, da na bayansa.

"Amin," ya ce a hankali. "Na gode."

Na matsa gefe. Ya zauna da takalminsa a ƙafa, sai da Manaja ya taɓa shi sannan ya cire.

Ƙofar Zariya ba a buɗe ta ba, har aka watse makoki a bakin magaza muke, ƙurar kamyo na sauka cikin ruwan shanmu. Amma kullum da safe auta yakan zo ya zauna, duk wanda ya iso a nuna masa shi.