Mutala Direba da Kiran Maigida

Mutala ɗan unguwar Moshi Zango ne. Trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya fara ja tsakanin unguwar Asawase da cikin gari, kafin ya samu aikin direba a wata jami'ar gwamnati, yana ɗaukar ɗalibai da malamai a doguwar bas. An san shi da sanyin hannu a sitiyari.

A lokacin Alhaji Sumana ne shugaban sashen motoci. Idan direba ya makara, gefe yake jansa ya tambaye shi ko lafiya gida. Da Alhaji ya yi ritaya aka kawo Mista Fataw, matashi mai son a ga aikinsa, wanda shi ma na sama ba sa barinsa ya sarara. A gaban kowa yake faɗa, kuma dokarsa ɗaya ce: duk lokacin da ya kira, a ɗaga.

Mutala ya fara canjawa. Waya na ƙara gabansa zai faɗi, ko da matarsa Azaratu ce ke kira. Ya fita da bas bai duba ruwan inji ba, abin da bai taɓa yi ba. A salla ma sai ya rasa raka'a ta nawa yake.

"Baban Hikma, jikinka ne kawai a gidan nan," in ji Azaratu. "Ina magana, kana kallon waya."

"Ki bari kawai," ya ce.

Wata safiya ya ɗauko ɗalibai za su fita aikin gani da ido, ana yayyafi. Suna kusa da kasuwa wayar ta ɗauki ƙara. Ya kai hannu aljihu, idonsa ya bar titi. Ihun ɗalibai ne ya sa ya taka birki. Wata mata mai tallan tumatir ta faɗi zaune a gaban bas, tasarta ta kife. Ba ta ji ciwo ba. Ta tashi tana zazzaga masa masifa da yaren Twi, shi kuwa ya kasa ko buɗe ƙofa.

Malama Ayishatu, malamar da ta rako ɗaliban, ta sauka ta ba matar haƙuri, ta dawo ta tsaya kusa da shi.

"Yaya Mutala, kashe injin. Ja numfashi a hankali, ka sake shi. Bar ofis a ofis. Yanzu kana ina?"

"Ina kan kujerata," ya ce da ƙyar.

"To zauna a kanta tukuna."

Wayar ta sake ɗaukar ƙara har ta katse, bai ɗaga ba. Sai da hankalinsa ya dawo ya tayar da mota.

Da yamma ya shiga ofishin Mista Fataw. "Maigida, daga yau in ina tuƙi ba zan ɗaga waya ba. Na kusa kashe mutum."

Mista Fataw ya dube shi. "Za mu gani," ya ce.

Ba a kore shi ba, amma an karɓe bas ɗin aka ba shi tsohuwar motar kwasar kujeru. An ce kwamiti zai zauna a kan maganar, har yanzu bai zauna ba. Kullum da safe Mutala yakan zauna shiru a motar, ya yi tasbihi har ƙirjinsa ya daidaita, sannan ya murɗa makulli. Wasu direbobi biyu sun fara ajiye wayoyinsu idan za su hau titi, suna yi suna waige-waige kada maigida ya gani.