Shekarar da Gishiri Ya Sha Zagi

Duk wanda ya san kasuwar Namwon ya san Pyo Gum-rye, gajeriyar matar nan mai rumfar kimci, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da yaji, kusa da masu kifi, wadda muryarta ta fi ta girma. Tun tana amarya aka gano baiwarta: ta lashi yatsa sau ɗaya ta gaya maka abin da kwano ya rasa. Da harshen nan ta riƙe gida, ta kai ɗanta Dong-ju har jami'a. Mijinta Man-su kuwa, tsohon direban bas, ko dafaffen takalmi ka ba shi zai ce, "Ya ciwu."

Idan sanyi ya ƙarato, a tsakar gidanta matan layin suke taruwa da kabejinsu a haɗa kimcin shekara. Hannu na kowa ne, amma baki ɗaya ke yanke hukunci. Abin da gidaje za su ci har ƙarshen sanyi ke nan, in ya ɓaci kuwa sunanta ne ya ɓaci.

A shekarar da abin ya faru, likita ya gano mata ƙwayoyin cutar nan masu kawo gyambon ciki, ya ɗora ta kan maganin kashe su, safe da yamma. Mai kantin magani ta yi ta zuba bayani, amma ina! Gum-rye tana can a ranta tana tunanin inda za ta samo barkono mai kyau.

Ranar aiki aka kwaɓa jan yaji a ƙatuwar roba, mata suka zagaye ta. Gum-rye ta naɗe ganyen kabeji ta kai baki, sai ta yamutsa fuska. Ɗaci, kamar ta tsotsi ƙusa mai tsatsa.

"Baban Dong-ju! Ina ka kwaso gishirin nan?"

Kowa ya san sabon gishirin teku da bai tsane ba shi ke sa kimci ɗaci, don haka duk ido ya koma kan Man-su.

"Tsohon ne fa, na buhun da kika ɗora kan bulo da hannunki."

"Ka ji shi! An yi maka wayo a kasuwa ka kwaso araha. Gemai-gemai da kai, sayen gishiri ya gagare ka!"

Man-su ya ɗanɗana ya ce shi dai ya ji ya ciwu.

"Kai dama me bai ciwu ba?"

Matan suka kwashe da dariya. Gum-rye kuma ta faɗa kicin ta kurkure baki. Ruwan ma ɗaci. Ta kai tafarnuwa hanci, sai warin ƙarfe. Nan fa tsoro ya kama ta sosai.

Hye-rin, matar Dong-ju, ce ta biyo ta. Shiru-shiru ce 'yar Seoul ɗin nan, tun da aka auro ta aikinta a ranar bai wuce wankin kabeji da ɗaukar roba ba.

"Mama, maganin ne. Wata a wurin aikinmu ta sha irinsa, ta ce ko shinkafa ɗaci take mata. In an gama yana wucewa."

"To na daina sha daga yau."

"Ki daina, cutar ta dawo da ƙarfinta? Kuma kabejin nan ya riga ya sha gishiri, Mama, ba zai jira bakinki ya warke ba."

Gum-rye ta harare ta, don ta tsani a fi ta gaskiya. Sannan ta fito, ta naɗe ganye da yaji, ta cusa a bakin Hye-rin a gaban kowa.

"To, faɗi."

Hye-rin ta tauna a hankali. "A ƙara ruwan kifi kaɗan. Barkono ya isa."

Gum-rye ta zuba, ba ta san ko gyara take ba ko ɓarna. Aka cika randuna aka rufe, kowacce ta ɗauki rabonta. Man-su dai har yau ba a ba shi haƙuri ba.

Ta shanye maganinta tas. Bakin ya dawo kaɗan-kaɗan, shayin sha'ir ya fara zama shayi, sannan wata safiya ƙamshin man riɗi ya tarye ta a ƙofar kicin. Sai ta faki idon mijinta ta buɗe randa, ta riga ta shirya faɗan da za ta yi.

Ba ta samu abin faɗa ba. Nata ne sak, ko ita ce ta ɗanɗana iyakar abin da za ta ce a ƙara ke nan. Ashe duk shekarun nan yarinyar tana wankin kabeji tana ɗauke mata sirri. Daɗi ya kama ta, haushi ma ya kama ta, ta zauna a gefen randar har hannunta ya yi sanyi.

Da rana ta kira Hye-rin a waya.

"Yaya kimcin, Mama?"

"Ya ɗan yi gishiri," in ji Gum-rye da cikakken baki. "Baɗi ki bar wankin kabejin nan, ki zo ki zauna kusa da ni."