Fatalwar da Ta Tsaya Toshe Ruwa

Sau ɗaya mijina ya taɓa fitowa a fim, kuma a fatalwa ya fito. Ba a ga fuskarsa ba, ba a ji muryarsa ba, ko sunansa ba su sa ba a jerin da ke wucewa a ƙarshe. Duk da haka, a cikin abin da ya bari, ba ni da abin da ya kai min wannan fim daraja.

Lokacin muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, gida ɗaya da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Ni ina koyarwa a firamare, shi kuma noman rani ne sana'arsa, albasa da tumatir, sai shinkafa in damina ta sauka. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka gidan mu uku ne. Gonarsa tana bakin kanal, kusa da wata tsohuwar tsamiya, kuma tsamiyar nan ce ta jawo mana 'yan fim.

Samari ne daga birni, a cikin wata tsohuwar bas da sai an tura take tashi. Kyamara ɗaya gare su. Labarin da suka zo da shi na wani mutum ne da abokinsa ya tura a ruwa ya mutu, sai ya dawo yana bin abokin. Da wanda zai fito a fatalwar ya leƙa kanal ya ga matsattsaku, sai ya ce shi fa ko za a yanka shi ba zai shiga ba. Malam, mijina, yana gefe yana ban ruwa, dogo, siriri, ƙafa duk laka. Suka roƙe shi, ya yarda, bisa sharaɗin kar kowa ya taka masa albasa.

Da la'asar ya shigo gida, kunnuwansa da gashin girarsa fari fat.

Na ce, "Malam, injin niƙa ka faɗa?"

Ya ce, "Fim na yi."

"Kai ɗin?"

"Fatalwa na fito. Fulawa suka shafa min, suka naɗe ni a farin yadi."

Ni dariya na yi har na zauna a kan turmi. Inna ba ta yi ba. Tana tsince shinkafa a faifai, ta ajiye faifan a hankali ta dube shi.

"Da ranka da lafiyarka ka tsaya aka naɗe ka? Wanda za a naɗe ka da shi yana nan yana jiranka, ba sai ka yi gwaji ba."

"Inna, wasa ne."

"Ba a wasa da wannan," ta ce, ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba, kuma in wani ya tayar sai ta tashi ta ba shi wuri.

Bayan 'yan watanni fim ya iso wurin mai tura finafinai a waya da ke tashar Kura. Kafin mako ya zagayo, ba wayar da babu shi a yankinmu. Ni da maƙwabtana mata muka taru a ɗakina, muka saki labule, muka shirya jin tsoro da gaske. Wata har da karanta addu'a kafin in kunna.

Gaskiya ɗaya ce, fim ɗin bai yi ba. Da rana tsaka suka ɗauka, suka je suka duhunta shi a kwamfuta wai dare ne, amma ga inuwar kowa kwance a ƙasa, ga wani can nesa yana shanya shinkafa a kan tamfol. Ana tsakiyar kukan aljanu sai ka ji injin ban ruwa yana ta ruri a baya, adaidaita ta wuce tana hon. Jinin da ya ɓata rigar wanda aka kashe kuwa, da kyamara ta matso sai ga 'ya'yan tumatir manne a wuyansa. Mutanen da suka kwana suka tashi a cikin tumatir aka kawo wa wannan.

Duk wannan da sauƙi. Inda aka kashe mu da dariya shi ne wurin da fatalwa ta fito daga kanal ta bi makashin. Makashin ɗan birni ne, ya manta sharaɗi, ya ratsa ta tsakiyar fangalin albasa da gudu. Fatalwa kuwa, hannuwa a sama, yadi yana ɗigar ruwa, sai ta bi ta kan kunya. In kunya ta karya kwana, ita ma ta karya. Ba ta taka ko ganye ɗaya ba. Can ta iso wani fangali da ruwa ya cika har yana neman tsallakewa, sai ta tsaya cak. Ta sa ƙafar dama ta turo laka ta toshe bakinsa, ta buɗe na gaba da dunduniya, ta ɗan daddanna toshiyar don ta zauna. Sannan ta sake ɗaga hannuwa ta ci gaba da bin wanda ya kashe ta.

Matar da ta yi mana addu'a sai da ta kwanta a ƙasa tana riƙe ciki. An ce a gidan kallo maza sun hana a wuce wurin, ana ta mayar da shi baya har mai gidan ya ce man janareto zai ƙare. Na leƙa inda suka sa fim ɗin a intanet, na karanta abin da mutanen birni suka rubuta. Wasu sun ce fatalwar rawa take, wasu sun ce ƙaya ta taka, wasu zagi kawai suka yi suka wuce. Ba wanda ya gane abin da ya gani. Haushin wannan ya fi kama ni a kan zagin. Mu da muka yi dariya aƙalla mun san abin da muke wa dariya.

Daga nan sunansa ya koma Fatalwa Mai Ban Ruwa. A masallaci, a kasuwar albasa, a wurin masu babur, haka ake kiransa, yana amsawa. Ni ma a gida ban raga masa ba. In ya yi jinkirin shigowa cin abinci sai in ce ko fatalwa ta tsaya toshe ruwa ne.

Ya kan ce, "To ya kike so in yi? Ranar ce ranarmu ta ruwa. In bar shi ya kwantar min da albasa saboda yaran da ko sunana ba su tambaya ba?"

Rani biyu bayan haka zazzaɓi ya kama shi. Muka ɗauka irin wanda aka saba ne. Da muka kai shi asibiti a Kura, suka ce mu wuce birni, kuma ko mako bai cika a can ba. Da aka shigo da shi tsakar gida a naɗe don mu yi masa addu'a, na ɗaga ido na ga Inna tana kallon yadin, ba ta ko ƙiftawa. Na san maganar da ta faɗo mata, ita ma ta san na sani.

Na shiga takaba. Kwanakin farko gida cike yake, ana ta shigowa ana fita. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, ya rage daga ni sai Inna, kowa a ɗakinta. Ban taɓa sanin gida zai iya yin shiru haka da rana tsaka ba. Lokacin da ya fi min nauyi shi ne bayan la'asar, lokacin da yake jingine fartanya a zaure ya buga ƙafa don laka ta zube.

Abin da ban zata ba shi ne yadda gari ya haɗiye fim ɗin. Saboda kunya da tausayi, kowa ya daina kiran sunan nan. Mai tura finafinai ya cire shi daga kwamfutarsa. Maƙwabtana da muka yi dariya tare suka goge nasu, wata har ta zo ta gaya min, tana jiran in gode mata. In sun zo gaisuwa sai su ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai sallah. Duk gaskiya ne, amma ana iya faɗar haka a kan kowane mamaci. Ni so nake wani ya yi suɓutar baki ya ce Fatalwa Mai Ban Ruwa, mu yi dariya, ko da zan ƙare da kuka.

Wata rana ina wanke-wanke na nemi in tuno yadda yake tafiya, na kasa. Fuskar tana nan, amma tafiyar ta fara gushewa. Tsoro ya kama ni irin wanda fim ɗin bai taɓa ba kowa ba. Malam ba mai son hoto ba ne. Abin da nake da shi sai na jikin katin zaɓe, inda ya tsuke fuska kamar wanda aka kama da akuyar wani. Na tsame hannu, na shiga ɗaki, na kunna fim ɗin. Ga shi nan a kan kunya, yana ɗan karkata hagu kamar yadda ya saba. Daga ranar, kullum bayan la'asar sai na kalla.

Katangar da ke tsakanin ɗakina da na Inna ba ta da kauri, kiɗan fim ɗin kuwa kamar ana jan kwano a kan siminti. Ran nan sai ga ta a bakin ƙofa.

"'Yar nan, abin nan kike kallo? A cikin takaba?"

"Inna, shi kaɗai nake da shi."

"Ki goge shi. Sau ɗaya na ga ɗana a farin yadi, ya ishe ni. Ba na son abin nan ya ƙara kwana a gidan nan."

Ban taɓa yi mata musu ba tun da aka kawo ni gidan, ranar ma ban yi ba. Na sunkuyar da kai har ta tafi. Amma ban goge ba, ni ma ina da nawa taurin kan. Na dai kashe sautin, na koma kallo kamar ɓarauniya. Ta sani, don daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. In na kai mata abinci ta ce in ajiye. Mutum ɗaya muke wa kuka, kowa a bayan katangarta, kuma wannan ya fi komai ci min rai.

Da takaba ta ƙare, aka tsayar da ranar da yayana zai zo ya mayar da ni gidanmu a Bunkure. Da hantsi ina ɗaure kaya, Inna ta shigo ba sallama, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa.

"Kin goge?"

"Ban goge ba, Inna."

"Miƙo."

Na ɗauka randa za ta jefa wayar. Na miƙa mata. Ta jujjuya ta, ta dawo min da ita.

"Ban iya ba. Kunna min. In kin tafi da shi ban gani ba, shi ke nan ban gani ba."

Na kunna, na zauna kusa da ita. Ta riƙe wayar nesa da ido. Da aka nuna gawa ta ce, "Wannan ai tumatir ne," ta yi tsaki. Da farin yadi ya ɓullo daga ruwa sai ta sauke idonta ƙasan gilashin wayar, ta ƙi kallon sama. Don haka ƙafafun kawai take gani. Ta ga sun hau kunya, ta ga sun karya kwana. Da suka tsaya a bakin fangalin nan, na ji numfashinta ya tsaya tare da su.

"Kai, ɗan nan," ta ce a hankali. "Da dunduniya. Haka ubansa yake buɗewa."

Fatalwa ta ɗaga hannu ta wuce.

"Mayar da shi baya."

Na mayar. Muna nan zaune kafaɗa da kafaɗa, tana cewa mayar ina mayarwa, har yayana ya gaji da hon a waje ya aiko a duba ko lafiya.

Bayan na koma Bunkure, duk ranar da ba makaranta sai in hau adaidaita in je mata. Ba ma doguwar hira. In ta gama tambayar mutanen gida sai ta gyara zama ta ce, "To, kunna." Ba ta taɓa kallon fim ɗin daga farko har ƙarshe ba, kuma ba ta taɓa ɗaga ido sama da gwiwarsa ba. Haka muka yi har ita ma Allah ya karɓi abarsa. Sai ya rage ni kaɗai, ina kallo bayan la'asar, sauti a kashe duk da ba wanda zai hana ni.

Kwanan baya a ofishin malamai, wata sabuwar malama da aka turo daga Kumbotso ta ci karo da shi a intanet. Ba ta san ni da shi ba. Ta kira mu tana haki, wai mu zo mu ga fim ɗin da ya fi kowanne lalacewa a duniya. Tsofaffin malaman da suka sani suka sunkuyar da kai, ɗaya yana ta yi mata alama da ido. Ita kuwa tana ta ƙyaƙyatawa har da hawaye.

"Anti, don Allah dubi. Me ya tsayar da ita? Me take yi da ƙafa?"

Na ce, "Ruwa yake toshewa. Fangalin ya cika."

Ta sake fashewa da dariya, ta dafa kafaɗata don kar ta faɗi. Rabon da in ji wani ya yi masa dariya tun yana da rai. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na ce ta ɗan mayar da shi baya.