Mastura Mai Sanyaya Kwamfuta

Kowace safiya, kafin ta kai shayi bakinta, Mastura takan kifa bayan hannunta a gefen kwamfuta, daidai inda iska ke fita, ta yi shiru kamar uwa mai duba goshin ɗanta. Laftof huɗu ne a ofishin da take aiki, wani ƙaramin ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, kuma duka huɗun sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta buɗe wata 'yar manhaja mai nuna zafin cikin na'ura, ta ga ko lambar ta yarda da abin da hannunta ya faɗa. Yawanci sukan yarda.

A Mai Wurno aka haife ta, a bakin kogi, can ƙasar Sudan. Tana da shekara tara mahaifinta ya samu aikin gadin sito a tasha, ya kwaso iyalinsa suka tare a unguwar Sharafiyya ta Jidda. A nan ta girma, Hausa a cikin gida, Larabci a bakin ƙofa. Ba ta yi karatun kwamfuta ba. Buga takardu aka ɗauke ta yi. Amma bazarar Jidda ba ta jin kunyar kowa, kuma duk lokacin da rana ta take, tsofaffin kwamfutocin ofishin sukan hau kuka, fanka na ihu, daga nan su mutu da rabin takarda a ciki. Mastura ta gaji da sake bugu. Ta shiga bincike, tana kallon darussa da Larabci a lokacin hutun azahar, har ta gane cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta doki ne mai son sukuwa ko da tafiyar ta kusa ce, kuma akwai manhajojin da ke ja masa linzami. Ta koyi rage wutar da yake sha. Ta koyi hana shi zabura. Ta koyi tsayar da caji a tamanin don batir ya yi tsawon rai. Ba ta taɓa riƙe sukudireba ba, amma matan unguwa suka fara kawo mata kwamfutocin 'ya'yansu a cikin leda, suna cewa, "Ki ɗan sanyaya mana ita."

Wadda ta fi ba ta wuya ita ce ta Gwaggo Zubaidatu, yayar mahaifinta.

Gwaggo ta haura saba'in, kuma shekara arba'in ke nan tana karantar da mata Alƙur'ani a falonta. Da yaƙi ya watsa mutanen gida can Sudan, sai ta samu ɗalibai a cikinsu, tana karantar da su ta allon kwamfuta. A cikinsu akwai Nuha, matar aure mai 'ya'ya uku, wadda gudun hijira ya kai garin Kasala. Shekara biyu Nuha tana biya hadda ta kiran bidiyo daga wani shago mai intanet, har ta iso Baƙara, surar sauka. Gwaggo kuwa tana da ƙa'ida, yadda ita ma malamarta ta karɓi haddarta: Baƙara a zama ɗaya ake kawo ta, daga farko har ƙarshe, ba tsayawa. In ta yanke, a koma farko.

Sau uku suna zama, sau uku kwamfutar tana mutuwa kafin a yi rabin awa. Ga shi ranar Asabar Nuha za ta bi mijinta wani ƙauyen noma inda ko kiran waya sai an hau tudu. Alhamis ce damarta ta ƙarshe.

Ranar Litinin aka kawo wa Mastura kwamfutar. Ta sa manhajarta, ta ga zafi yana kaiwa digiri casa'in da bakwai, inda na'urar ke kashe kanta don kada ta ƙone. Ta rage mata wuta zuwa rabi, ta hana ta zabura, ta rufe tarkacen da ke gudu a ɓoye. Ta ɗora ta a teburin cin abinci, ta kunna bidiyo awa uku cur. Zafi bai wuce saba'in ba.

"Halas, an gama, Gwaggo, ta warke," ta ce a waya.

Ranar Talata aka zauna, kwamfutar ta kai minti hamsin ta mutu.

"Ke 'yar nan, kin ce halas," in ji Gwaggo. "To ta yi halas ɗin da gaske, ta gama. Yarinya tana tsakiyar aya, muryarta kamar ruwan sanyi, sai allo ya yi baƙi. Ina jin ta tana kuka ko da ban gan ta ba."

Mastura ta sake karɓo ta. Manhajar tana ajiye tarihin duk abin da ya faru, don haka ta buɗe ta duba. Abin da ta gani ya ɗaure mata kai. Ƙwaƙwalwar ba ta yi wani aikin kirki ba, tafiya take a hankali yadda aka umarce ta. Fanka kuwa yana gudu iya ƙarfinsa tun minti na goma. Duk da haka layin zafi yana hawa, yana hawa, bai sauko ko sau ɗaya ba. Mai hura iska yana hurawa, iskar ce ba ta da hanyar fita.

Ranar Laraba bayan la'asar ta hau benen Gwaggo da kanta.

"Gwaggo, ki nuna mini yadda kike zama. Kamar yanzu za a fara."

Tsohuwar ta yi alwala, ta shimfiɗa darduma. Ta ɗauko wani filo mai laushi, ta lulluɓe shi da ƙyallen karan-miski kore mai zare na zinariya, ta ɗora kwamfutar a kai da hannu biyu. Na'urar ta nutse cikin taushin. Sannan Gwaggo ta tattaro gefunan ƙyallen ta kewaye ta da su, ta gyara, ta shafa.

Mastura ta dafe baki.

"Gwaggo! Ai ta ƙasa take numfashi. Kin toshe mata hanci, kin kuma sa mata bargo a Jidda!"

"To a ƙasa zan ajiye ta? Ko a teburin da kuke cin kifi? Maganar Allah ce ke fitowa daga cikinta. Ni ban tashi na ga an ajiye abin karatu a tsirara ba."

"Minti nawa ne, Gwaggo, awa biyu kawai..."

"Ko minti ɗaya. In mutuwa za ta yi, ta mutu da mutuncinta."

Mastura ta san ba a kayar da Gwaggo a wannan fage, kuma a ranta ba ta so ta kayar da ita. Ta zauna tana kallon falon. Can a saman kabad ta hango 'yar kujerar katako mai naɗewa, irin wadda ake buɗewa a ɗora Alƙur'ani. Ta sauko da ita, ta share ƙura, ta buɗe, ta ɗora kwamfutar bisa bakunanta biyu. Na'urar ta zauna daram, ƙasanta a sarari, iska na ratsawa.

"Filo na masu barci ne, Gwaggo. Wannan kuwa don karatu aka sassaƙa ta. Wanne ya fi girma?"

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta girgiza kujerar, ta ga ba ta motsa ba.

"Bakinki kamar na ubanki. Ƙyallen fa?"

"A shimfiɗa shi a ƙarƙashin kujerar."

"Yalla, maza shimfiɗa."

Ranar Alhamis da hantsi Mastura ta nemi izinin awa uku a ofis. Mata shida na unguwa suka zauna jikin bango. Fuskar Nuha ta bayyana, da farin mayafi, bayanta bangon shago mai fentin shuɗi. Ta yi basmala ta fara.

Mastura ta zauna gefe, inda take hango 'yar lambar a kusurwar allo. Sittin da biyu. Muryar Nuha tana tafiya kamar kwalekwale a ruwa mai kwanciya. Rabin awa ya wuce, sittin da biyar. Aka zo minti hamsin, wurin da aka faɗi shekaranjiya, Mastura ta ƙura wa lambar ido. Sittin da shida. Fanka yana ɗan huci can ƙasa-ƙasa, kamar mai sauraro shi ma. Gwaggo ta rufe ido tana bi da leɓɓanta, sau biyu kawai ta ɗaga yatsa, Nuha ta gyara da kanta. Aka wuce Ayatul Kursiyyu. Aka shiga doguwar ayar bashi, aka fita. Lambar ta tsaya a sittin da bakwai, ta ƙi gaba.

Da Nuha ta kai addu'ar ƙarshen sura, muryarta ta karye, ta ɗinke, ta ƙarasa. Gwaggo ta buɗe ido, hawaye na bin kuncinta, ta ce, "Na karɓa, Nuha. Kin sauke. Ki je ƙauyen nan ki karantar da matansu."

Wata daga jikin bango ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, har ana jiyo ta matan Kasala tana dawowa ta cikin lasifika. Gwaggo ta waiwaya tana neman 'yar ƙanenta.

"Ina Mastura? Ku riƙe min ita, sai ta ci dabino!"

Mastura ta ɗauki guda uku a faranti, ta sumbaci kan tsohuwar.

"Akwai jirgi da ya iso tun asuba, Gwaggo, takardunsa na jirana."

Ta gyara abayarta, ta zura takalmi, ta fita, guɗa na bin ta har ƙasan bene.