Ya Kashim Mai Gyaran Keke

Kafin a hana acaɓa a Maiduguri, babu lungun Gomari da Ya Kashim bai sani ba. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, shi ya sa ni Falmata nake ce masa Ya, kamar yadda muke kiran yayye. Shekara goma sha huɗu yana kan babur. Rana ɗaya aka wayi gari an ce babu hawa saboda tsaro, ya jingine shi a zaure har tayoyi suka sace.

Yayansa Ba'ana da ke Kano ya dinga bugo waya: ka kwaso matarka Yagana da yara ku taho, ga aikin gadi na samo maka. Shi kuwa ko zancen ba ya so. A nan aka binne cibiyarsa, a nan kabarin uwarsa yake. Amma ciki ba ya jin wannan magana. Ya ce wa Ba'ana ya ba shi zuwa babbar salla, in bai samu abin yi ba, zai taho.

Ana nan sai gwamnati ta buɗe wurin koyar da sana'a. Muka je tare. Mu mata aka ce ɗinki, gurbi har ɗari biyu. Samari aka ba su walda da gyaran waya. Ya Kashim ya miƙa takardarsa, ma'aikacin ya duba ya ce kuɗin bana na matasa ne da mata, shi shekara arba'in da shida ya wuce. To da Allah, mai 'ya'ya biyar ba ya jin yunwa ne? Raina ya ɓaci, na fara faɗa, Ya Kashim ya ce in yi shiru. Can ma'aikacin ya ce akwai aji ɗaya da ba a sa shekaru ba don babu mai so, gyaran keken ɗinki. Su shida suka shiga, biyu suka gudu.

Ranar yaye mu aka ba kowace mace keke sabo fil, aka yi ta ɗaukar hoto. Shi ɗan akwati aka miƙa masa, da sukuddireba uku da filaya a ciki. Wallahi na yi masa dariya. Na ce, "Ya Kashim, wa zai kawo maka gyara, kekuna duk sababbi?" Ya ce, "Haka ne, ƙanwata." Wata biyu yana zaune a ƙofar gida, ko allura ba a kawo masa ba. Yagana har ta fara ɗaure kaya.

Ni kuwa man da aka haɗo mana da keke ya ƙare, 'yar mitsitsiyar kwalba ce. Na ce mai ai mai ne, na ɗiga man gyaɗa, yadda uwata ke yi wa ƙyaure in yana kuka. Keke ya yi laushi, na ji daɗi. Da yake bakina ba ya riƙe magana, na bi 'yan ajinmu gida gida ina koya musu wannan dabara.

Saura mako uku salla, ga ɗinkin mutane jibge, keke ya ƙi juyawa. Na taka, na taka, kamar ina tura jaki. Dole na aje girman kai na kira shi. Ya buɗe, ya kai hanci, ya dube ni.

"Falmata, ƙosai kike soyawa a ciki?"

Ashe man ya daskare, ya haɗu da ƙura da gashin zare ya zama danƙo. Ya kwance keken ƙarfe ƙarfe, ya wanke da kananzir, ya mayar. Kafin la'asar ina ɗinki. Sai ya tambaya ko ni kaɗai na yi haka. Na sunkuyar da kai na ce, "Mu ashirin da bakwai ne."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Washegari mata suka fara sallama da kan keke a ka, kowace ta shigo sai ta harare ni. Daga nan labari ya kai unguwar Abbaganaram, teloli tsofaffi ma suka fara aiko masa. Ba arziki ya yi ba, kar in yi ƙarya, amma tukunya ba ta sake kwana a kife ba, kuma ba ya gyara wa mace keke sai ya nuna mata inda ake ɗiga mai da irin man da ake ɗigawa.

Jajiberin salla Ba'ana ya bugo, ina tsaye a zauren ina jiran a canza mini bel ɗin keke. Ya ce mota za ta tashi jibi, a shirya. Ya Kashim ya maƙale wayar a kafaɗa, hannunsa duk baƙin mai.

"Yaya, a ba wani gadin," ya ce. "Keke tara ke gabana, masu su na jira. Mu muna nan gida."

Yagana na bayan labule tana ji. Ta koma ɗaki ta fara kwance kaya.