Jar Saniyar da Ban Ware Ba

A gonar kafilina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, bayan garin Riyad, idan ciyawa ta fito baƙi sukan hau dawaki su kora shanu don nishaɗi. A garinmu makiyayi ke shiga gaba, shanu su biyo shi a hankali. Su kuwa sukuwa suke yi a bayansu.

Akwai wata jar saniya mai tsohon ciki. Tun asuba nake harhaɗa Larabcin da zan roƙi kafili a bar ta. Da ya ce in buɗe ƙofa, na tuna iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, tana hannunsa, na ce, "Tayyib," wato to.

Da la'asar ta yi ɓari. Ni na binne maraƙin, ba wanda ma ya tambaya. Ranar Juma'a wasu baƙin suka zo, na sake buɗe musu.