Kwalli a Kan Tsaga

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki alƙalami. Karatuna bai wuce lakwal ta firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da yayata za ta ji ta ce na tona mata asiri. Na sha farawa ina yagewa. Abin da ya tilasta mini yanzu shi ne Inna, mahaifiyarmu, wadda idonta ya fara rauni, kuma ba ta da tambaya sai ta Yaya.

Da mijin Yaya ya rasu ta gama takaba, sai na ɗauko ta daga ƙauyenmu na wajen Matankari ta zauna wurina a Dogon Dutsi. Allah bai ba su haihuwa ba. Ta shiga ɗaki ta zauna da zane ɗaya, kai ba kitso, tuwo sai na tsaya a kanta take ci. In na ji shiru ya yi yawa sai gabana ya faɗi, in je in leƙa da sunan neman tsintsiya.

Maƙwabciyarmu matar wani malamin lakwal ce da aiki ya kawo su garin, muna ce mata Madam. Tana da tele da parabol, farantin nan mai kamo tashoshin waje. Bayan la'asar, in ba a ɗauke kuran ba, wato wutar lantarki, matan unguwa kan taru a tsakar gidanta su kalli wani shiri na Faransanci. Ana ɗauko mace wadda duniya ta gajiyar, a yi mata gyaran kai, a sauya mata tufafi, a rufe duk madubin gidan, sai a ƙarshe a yaye mata ta ga kanta. Kusan kullum kuka take fashewa da shi. Ni ce mai fassara, da ɗan Faransancin da ya rage mini.

"Ke mai lakwal, mi tac ce?"

"Wai ba ta gane kanta ba."

"To ina amfani? Gobe in ta wanke ido ai ta koma gidan jiya!"

Kowa da ra'ayinta. Wata ta ce kukan na kunya ne, an nuna wa duniya tsummanta. Maigidana kuwa, ɗan kasuwa ne mai tsanani a kan addini, ya ce ɓata lokaci ne da tallar gashin mata. Ban iya yi masa musu ba, har yau ban tabbata ya yi kuskure duka ba. Amma na ja Yaya muka je, don ban san wani magani ba.

Ta daɗe tana kallo daga bakin ƙofa. Wata rana a hanyar gida ta ce mini, "Ba kayan ne ke sa su kuka ba, auta. An zaunar da su kujera, anka tambaye su mi suke so." Rabon da in ji ta haɗa magana mai tsawo haka tun kafin rasuwar.

Yaya tana da tsagar Arawa, layi biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne. Ni ba ni da ita, kafin a haife ni Baba ya hana wanzami. Ranar da aka nuna wata mai tabon ƙuna a fuska a shirin, aka shafe shi da hoda mai kauri har ya ɓace, sai Madam ta tafa hannu.

"Wallahi ina da irin wannan hodar! Yaya, jibi akwai suna, zo in mayar da ke 'yar birni."

Na zaci za ta ƙi, sai ga shi ranar sunan ta je ta zauna. Aka rufe madubin Madam da zane kamar yadda ake yi a tele, aka yi mata kitso, aka bi tsagar da hoda har kuncin ya koma sumul. Ana cikin ɗaura mata kallabi sai ga Inna ta iso daga ƙauye da ƙullin gero a ka. Ta dubi Yaya, ta ɗan rusuna.

"Sannu baƙuwa, an zo lahiya?" Sannan ta juyo gare ni. "Ina yayarki? Har yanzu tana ɗaki?"

Tsakar gida ta kaure da dariya. Yaya ta yi ta dariya har hawaye suka yi hanya a cikin hodar. Da aka yaye madubi ta dubi kanta, ta ce a ba ta ruwa. Ta wanke fuska tas, ta ɗauki kwalli, ta bi layukan nan huɗu a hankali har suka fito baƙi wuluk. Ta ce, "Wagga ita ce ni. Yanzu Inna ta gane ɗiyarta."

Haka ta je sunan. Matan da suka saba jan mayafi su rufe kunci in sun shigo gari suka yi ta kallonta. Ba a daɗe ba suka fara zuwa gidana a yi musu irin ta. Ta koyi kitson zamani da lalle wurin Madam, ta zama ita ake nema a biki har Tibiri da Dumega. Tana da kujera ɗaya, kuma ba ta taɓa kan mace sai ta tambaye ta abin da take so.

Ba zan yi wa shirin ƙarya ba, ya tashi yayata daga inda ni na kasa. Amma wanda ya tashi tafiya yake yi. Wata mai ɗakin kitso ta kira ta Gaya, can bakin iyaka, ta tafi da murna. Daga can ta ce za ta ƙetare kogi zuwa ƙasar maƙwabta, aiki ya fi yawa. Muna waya a kai a kai, har lokacin da aka rufe iyaka, lambarta ta daina shiga. Na aika direbobi, na tambayi fatake, kowa da irin amsarsa. Wani lokaci zuciyata kan ce da na bar ta a ɗaki da yanzu tana nan, sai in yi ta istigfari, don wannan ba fatan alheri ba ne. Madam ta bar garin tuni. Shirin yana nan, ni ce ba na iya kallonsa.

Ban rubuta sunanta ba, ban saba kiransa ba, kuma wataƙila can da wani ake kiranta. Amma alamarta ba ta ɓuya. Duk wanda ya ga mace doguwa mai kitso da kwalliyar amare, wadda ke bin tsagarta da kwalli maimakon ta rufe ta, a Gaya ko bayan kogi ko wajen Kamba, don Allah ya ba direbobin Dogon Dutsi saƙo, sun san ƙanwar da ke yawan tambaya a tasha. In kuma ya samu magana da ita, ya ce mata ba dole sai ta dawo ba, amma Inna tana son ta ga tsagar nan tun idonta na iya rarrabewa.